Yara Taran da Na Goge Daga Rajista

Jama'a, yau babu doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto min cewa ni butulu ce, wai na samu miji irin wannan ina yi masa yanga, na ga saƙonki. Ki daure ki karanta na yau har ƙarshe. In kin gama har yanzu kina sonsa, turo min lambarki, wallahi da hannuna zan ba shi.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, ni malamar makaranta ce. Aji shida nake riƙewa a wata firamare can ƙarshen gari, bayan tashar manyan motoci. Hedimastanmu mahaifina ne. A makaranta "ranka ya daɗe" nake ce masa kamar kowa, sai mun shiga gida ya koma Baba. Shekara talatin da uku yana shaƙar ƙurar alli, saura biyu ya ajiye aiki.

Shi kuma gwanin da ake ta yi min gori a kansa, ma'aikaci ne a hukumar ilimi ta birni, sashen auna ƙwazo. Shi ya kawo tsarin nan da ya hana hedimastoci sukuni. A tara 'yan aji shida na kowace makaranta a yi musu jarrabawa ɗaya rana ɗaya, a haɗa makinsu a raba, sannan a shafa wa makarantar launi. In kore ce, a kira hedimasta a yi masa hoto. In ruwan ɗorawa ce, a ja masa kunne. Ja kuwa sau uku a jere, sai a sauke shi, a mayar da shi aji ya riƙe alli a ƙarƙashin wani. Malamai suka laƙaba wa gwanin nawa suna Ja-da-Kore, har masu gadi da shi suka san shi. Ni kuwa uwar 'yan rawar kai, "Nawa" na rubuta masa a wayata.

Mun sha ja sau biyu. Ta bana ce ta uku.

Kada ku ce tun farko ni maƙiyiyar tsarin ce. Na san malaman da a da suke sa hannu da safe su wuce shagunansu, tsarin nan ne ya dawo da su aji. Da wannan ma ya sace min zuciya. Ranar da ya fara zuwa duba mu, ya zauna a bencin baya cikin farar riga mai dogon hannu, guga kamar ta yanki mutum, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Da aka tashi ya ce, "Malama, da muna da irinki goma a garin nan da na huta." Shi ke nan fa, magana ɗaya, na bi na susuce. Wata bakwai muna tare. Iyayensa ma sun sa ranar da za su zo gidanmu maganar aure, Asabar ta sama.

To, ran Laraba da yamma ya ce zai shigo ya gai da su Baba. Umma ta sa aka wanke labule, aka cire ledar da take rufe kujerun falo da ita, wadda ko ranar da Yayata ta haihu ba a cire ba. Ni na sa doguwar rigata ruwan toka mai duwatsu a wuya, na yafa ɗan ƙaramin gyale, na fesa turaren da ya saya min. Na fito da faranti, shayi da biskit, ina tafiya kamar ba na son taka ƙasa. Kaico da ni.

Bai ko taɓa shayin ba. Kwamfutarsa ya buɗe a kan teburin tsakiya, ya juya ta wajen Baba.

"Baba, na duba gwajin da aka yi musu makon jiya. Arba'in da uku kuke. Ana buƙatar arba'in da biyar a fita daga ja."

Baba ya gyara tabarau, ya ƙura wa allon ido.

"Amma duba nan." Ya danna wani wuri, wasu layuka a can ƙasa suka ɓace. "Arba'in da bakwai."

Umma ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ɗan nan, me ka taɓa?"

"Yara tara na cire, Umma. Su ne suke jan kowa ƙasa."

Ko ba a nuna min sunaye ba na san su. Yara tara ne da suka iso ajina a farkon shekara ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. An yi ta tura su gaba daga aji zuwa aji don kada a ce malami ya gaza, har suka faɗo hannuna. Tun zangon farko nake tsare su minti arba'in bayan an tashi, a ƙarƙashin matakalar bene inda akwai inuwa, muna ba, bi, bu. A cikinsu akwai wata 'yar siririya da yara ke kira Shiru, uwarta wanke-wanke take yi a gidan abinci a tasha. Yarinyar nan kafin mai gadi ya buɗe ƙofa tana tsaye a bakin get da jakarta ta buhu.

Na ce, "Ka cire su ka kai su ina?"

Ya yi murmushin nan nasa da a da yake kashe min jiki. "Ba ni na cire su ba, doka ce. Duk yaron da ya yi fashin makaranta fiye da kwana ashirin a zango, ba ya zama jarrabawa, ba a lissafa shi. Sai ya maimaita aji."

"Ai ba su yi fashi ba."

"Rajista ce take faɗin wanda ya yi fashi."

Ya zuge jakarsa ya fito da sabuwar rajista, irin tamu sak, mai koren bango. Ya ɗora biro uku a kanta, shuɗi biyu, baƙi ɗaya.

"Ki sake kwafe zangon gaba ɗaya. Su taran ki ba kowa sifilin fashi ashirin da ɗaya, ki warwatsa su, kada su zo rana ɗaya. Duk bayan sati biyu ki canza biro, don kada a ga kamar zama ɗaya aka yi. Sa hannun malamar aji kawai ake so."

Jama'a, kun ji fa. Har biro ya saya. Wato tun daga ofis ya zauna ya tsara, ya biya shago ya zaɓi kala, sannan ya fesa turare ya zo gidan surukai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Kai yanzu ba ka ji kunya ba? Kai ne fa kake tsayawa a gaban malamai da makirufo kana cewa alƙaluma ba sa ƙarya!"

"Ki zauna mu yi magana a hankali."

"Ba zan zauna ba! Ka san abin da maimaita aji yake nufi a unguwar nan? Uban wa zai sake ɗinka wa yarinya 'yar shekara goma sha uku yunifom ta koma aji shida? Ranar da aka ce su maimaita, ranar suka gama makaranta har abada. Tasha za su koma."

"In sun zauna ma faɗuwa za su yi," in ji shi, muryarsa ko rawa ba ta yi. "Sun faɗi, sun ja Baba sun faɗi tare. Wa aka taimaka?"

"Ko sun faɗi doka ta ce a wuce da su sakandare, kai ka rubuta ta!"

"Ni dai hanya na kawo. Kin san wanda za a ɗora a kujerar Baba? Mataimakinsa. Yaron da Baba ya koya wa riƙe fensir."

Na juya wajen Baba ina jira ya daka masa tsawa. Mutumin da ya taɓa korar malami daga ofis saboda ya ƙara wa ɗan ƙanwarsa maki biyu. Sai kawai ya cire tabarau, ya naɗe shi, ya sa a aljihu, ya tashi ya shige ɗaki. Ko tari bai yi ba.

Ja-da-Kore ya rufe kwamfutarsa, ya durƙusa ya yi wa Umma sallama kamar mutumin kirki, ya bar rajistar da biron a kan tebur. Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba Umma ta yo kaina.

"Sannu, 'yar gaskiya! Sannu, uwar marayu! A gabana kike ɗaga wa mijin da za ki aura murya?"

"Umma, ƙarya fa yake so in rubuta."

"Ke rufe min baki! Ubanki ne za a tozarta a garin nan. Shekara talatin da uku, a ce ya koma yana share allo, yaron cikinsa yana aikensa? 'Ya'yan wasu ne suka fi miki shi? Naka sai naka, in ba ki sani ba ki sani. Yaron nan aikinsa ya sa a kasada don ya rufa mana asiri, ke kuma kin tsaya kina yi masa wa'azi."

"To ai shi ya ƙirƙiro abin da zai tona asirin!"

Ta nuna ni da yatsa. "In aka sauke mahaifinki alhali sa hannunki kaɗai zai hana, ki nemi wata uwar."

Na shige ɗaki na banko ƙofa, na cire rigar na yi jifa da ita bayan gado. Wayata ta yi ƙara. Nawa.

"Ranki ya daɗe, fushi ya sauka?"

Na ja tsaki. Wani saƙon ya sake shigowa.

"Makarantu shida sun yi haka bara, duk suna kore yanzu. Ba ke kika fara ba."

Na rubuta, "Kai ka koya musu?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga shi: "Ni ma ana auna ni. In jajayen makarantu suka wuce goma a yankina, ni ma launi za a shafa min."

Au, ashe! Ashe ba Baba kaɗai ake ceto ba. Na goge "Nawa" na rubuta Ja-da-Kore, na kife wayar. Na rantse a raina ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan taɓa rajistar nan ba.

Ku da kuke yaba min a nan, ku dakata tukuna, kada ku ɓata yabonku.

Washegari Alhamis, bayan na sallami yarana tara daga ƙarƙashin matakala, na bi ta gaban aji ɗaya zan je ofis. Makaranta ta watse, sai na ji ƙarar alli a allo. Na leƙa ta taga. Baba ne shi kaɗai, ya naɗe hannun riga, yana rubuta baƙaƙe manya-manya irin na 'yan aji ɗaya. Hannunsa na dama ya daɗe yana ɗan karkarwa, a gida mun sani, a ofis yana ɓoyewa da sa hannu kawai. Layin ya karkace ya gangara ƙasa. Ya goge ya sake. Allin ya karye ya faɗi, ya sunkuya da ƙyar yana dafa benci. Gwaji yake yi, yana duba ko zai iya komawa aji.

Na shiga. "Ranka ya daɗe."

Ya juyo a firgice ya ɓoye hannun a baya kamar yaron da aka kama da sukari.

Na ce, "Baba, ka faɗa min gaskiya. In yi ko kada in yi?"

Wallahi so nake ya ce kada in yi. Kalma ɗaya nake nema in jingina da ita. Ya kalli allon, ya kalli ƙasa.

"Ban ce ki yi ba, uwata," ya ce. "Ban kuma ce kada ki yi ba."

Har yau in na tuna maganar nan ina jin tausayinsa, ina kuma jin haushinsa. Ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa ya ɗora min a ka, ya koma gefe da hannunsa mai tsabta.

Na yi. Ga shi na faɗa muku, na yi.

Ran Lahadi da hantsi na zauna a teburin cin abinci, tsohuwar rajista a hagu, sabuwa a dama. Umma ta kunna min fanka ta juyo da ita saitina, ta kawo min lemo mai sanyi a kofin baƙi, tana ta "Allah ya yi miki albarka" kamar wadda take rubuta abin kirki. Na kwafe sunaye hamsin da huɗu. Na bi kwanaki ɗaya bayan ɗaya, ina canza biro duk bayan sati biyu yadda malamina ya koya min. Da na zo kan Shiru na duba tsohuwar, layinta cike yake tun daga farko har ƙarshe, babu rami ko ɗaya. Har ranar da aka yi ruwan da ya cinye titin tasha, yara bakwai ne kacal suka zo, tana cikinsu, takalmi a hannu. Na ba ta sifili a ranar ita ma, don lissafin ya cika. Na sa hannu a ƙasan kowane shafi.

Umma ta ɗauki tsohuwar ta ce za ta adana min. Ban tambaye ta ina ba.

Litinin ƙarfe goma ya iso makaranta, farar riga, jaka a kafaɗa. Ya same ni a bakin aji, yara suna leƙensa ta taga. Na miƙa masa rajistar ban kalli fuskarsa ba. Ya buɗe, ya bi shafukan da yatsa.

"Kai, aikinki akwai tsabta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ce wa Hajiyata ta shirya, Asabar kamar yau ce."

Ya zaro wasu takardu guda tara ya ba ni. "Wasiƙun iyaye. Ki ba su su kai gida yau."

"Ina ambulan?"

Ya yi 'yar dariya. "Ambulan na me? A cikinsu wa zai karanta?"

Ya wuce ofishin Baba da rajistar a hammata. Na ji Baba yana cewa a kawo wa baƙo shayi.

Da aka buga ƙararrawar hutu na tsayar da su taran, sauran suka fita da gudu. Suka taru a gaban teburina suna murna, sun ɗauka wani sabon karatu ne. Na miƙa wa kowa tasa, na ce, "Ku kai wa iyayenku. Kada ku yar a hanya." Muryata kamar ba tawa ba. Na sunkuyar da kai ina jera littattafan da ba su buƙatar jerawa, ina jira su fita.

Sai na ji wata 'yar murya.

"Mu... na. Muna. Sa... nar. Da ku."

Na ɗago. Shiru ce. Ta shimfiɗa takardar a kan benci, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layi yadda na koya musu, goshinta ya tattare. Sauran takwas suka zagaye ta. Wata shida ina fama da yarinyar nan, ba ta taɓa haɗa kalma uku a jere ba tare da na riƙe mata ba.

"Ce... wa. 'Yar... ku. Ta yi. Fa... shin. Ma... ka... ran... ta."

"Makaranta!" in ji wani daga baya, yana tsalle. "Wallahi ta iya! Malama, ta iya!"

Na so in ce ta bari. Ta ci gaba, tana tuntuɓe tana tashi, kwana ashirin da ɗaya, saboda haka, ba za ta zauna jarrabawa ba. Har sunana da ke ƙasa ta karanta. Ta kai aya ta tsaya. Yaran suka fara tafi, sai suka ga ita ba ta dariya, tafin ya mutu.

Ta sake mayar da yatsa farkon layin, leɓunanta suna motsi. Sannan ta ɗago ta dube ni, a tsorace, irin kallon yaron da ya san ya yi kuskure yana jiran gyara.

"Malama, yi haƙuri, ina jin ban karanta daidai ba," ta ce. "Nan ya ce wai na yi fashi."

Jama'a, ni ba ta zarga ba. Ko kusa ba ta kawo a ranta cewa malamarta za ta yi mata ƙarya ba. Karatunta ta zarga.

Wani irin zafi ya taso min tun daga tafin ƙafa. Na tsani Ja-da-Kore da bironsa uku, na tsani fankar Umma da lemonta, na tsani shirun Baba, amma duk cikinsu babu wanda na tsana kamar mai sunan da ke ƙasan takardar nan. Na leƙa taga. Motarsa tana nan a gaban ofis. Rajistar ba ta bar makarantar ba. Na san in na taka ƙofar ofishin nan, kujerar Baba ce za ta tafi, da Asabar, da uwar da ta ce in nemi wata.

Na zagayo na durƙusa a gabanta har gyalena ya share ƙasa.

"Daidai kika karanta," na ce. "Ko wasali ɗaya ba ki ɓata ba. Takardar ce ta yi ƙarya, kuma ni na rubuta ƙaryar."

Ta buɗe baki tana kallona. Na miƙe na kama hannunta.

"Kowa ya riƙe takardarsa, ku biyo ni. Ke kuma ki shirya, za ki sake karanta ta da ƙarfi a gaban Hedimasta da baƙonsa."